SAYEN MOTA BA SHI NE WUYA BA, RIƘONTA

Da wuya a sami ma'aikacin gwamnati, ko ɗalibin da ke shirin kama aiki, wanda ba ya burin wata rana ya ga mota a ƙofar gidansa. Wannan buri kuwa ba abin zargi ba ne, gama mota takan raba mutum da tsayuwa a bakin titi cikin rana da ruwa, ta kai yara makaranta, ta kuma kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Sai dai tambayar da yawancin masu niyya ke yi ita ce nawa ne kuɗinta, alhali kuwa wadda ta fi ta muhimmanci ita ce nawa za ta riƙa ci kowane wata. Mota tamkar doki take: ranar da aka ɗaure shi a turke, ranar ce mai shi zai fara neman kuɗin dawa da harawa.

DAGA SABUWA ZUWA 'YAR KWATANO

Akwai lokacin da ma'aikaci a Nijeriya ba ya tunanin sayen tsohuwar mota. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin da kwamitin Jerome Udoji ya ba da shawara, haɗe da kuɗin baya, a kuma wannan shekara ce kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, na Volkswagen kuma a Ikko. Wanda ya kai wani muƙami yakan sami rancen mota daga gwamnati, ya ɗauko sabuwar 504, a riƙa yanka a albashinsa sannu a hankali. Kayan gyaranta kuwa babu garin da ba a samu, kuma kowane makaniki ya san cikinta da bayanta.

Al'amura sun juya a 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Daga nan ne kasuwa ta koma ga motocin da aka riga aka mora a Turai da Amurka, waɗanda ake kira tokumbo, ko 'yan Beljiyam, ko kuma 'yan Kwatano saboda tashar jirgin ruwan Jamhuriyar Binin da yawancinsu ke sauka. A watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, amma sunan bai bar bakin jama'a ba. Abin lura a nan shi ne, mai sayen irin wannan mota yana sayen tarihin da bai sani ba, don haka aikinsa na farko shi ne bincike.

KAFIN A BIYA LA'ADA

Takardu ne farkon abin dubawa, kafin fenti da kujeru. Yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau suna da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa. Lalle ne wannan lamba ta yi daidai da wadda ke cikin takardun kwastan, ba tare da kankara ko gyara ba. Motar da ba a biya mata kuɗin fito ba, jami'an kwastan suna da ikon kama ta a ko'ina, kuma hasarar a kan wanda aka same ta a hannunsa take faɗawa, ba a kan dillalin da ya karɓi la'adarsa ya tafi ba. In kuwa a hannun wani ɗan ƙasa za a saya, to, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a kuma canja sunan mai mallaka ba tare da jinkiri ba.

Na biyu shi ne lafiyar motar. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka an sayo su ne a wajen gwanjon motocin da suka yi haɗari ko waɗanda ambaliya ta cinye. Wadda ta sha ruwa takan tona kanta da warin danshi, da busasshen taɓo a ƙarƙashin shimfiɗa da mazaunin tayar safaya, da tsatsa a ƙusoshin kujeru. Irin wannan ba ta rabuwa da ciwon waya. Agogon tafiya ma ba abin dogara ba ne, gama akan mai da shi baya; sa'an nan motar Amurka da mil take ƙirga, watau wadda ta nuna 100,000 ta ci kilomita wajen 160,000 ke nan. Ya kamata mai saye ya je da makanikin da shi ya zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba, a ta da injin da safe yana sanyi, a dubi hayaƙi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin da ke shan baƙin mai.

Na uku, a tambayi kasuwa kafin a tambayi zuciya. Wanda ya zagaya Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, zai gane wace mota ce kayan gyaranta ke ko'ina, wace ce kuma sai an aika Ladipo a Ikko. Sau da yawa motar da aka karya wa kuɗi, rashin kayanta ne ya karya shi. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

LISSAFIN WATA

A ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke yin kilomita 30 kullum, zuwa ofis da komowa. Cikin kwana 22 na aiki ya yi kilomita 660. In motarsa tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, lita 66 ke nan, watau naira 66,000 a kan wancan farashi, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Wannan kuwa ban da zuwa kasuwa da gaisuwar 'yan'uwa a ƙauye.

Bayan mai akwai kuɗin shekara: sabunta takardun mota, da shaidar lafiyarta daga jami'an V.I.O., da inshora. Inshorar dole, wadda ke biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani, an ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a watan Janairu na 2023. Wanda ya karɓi takardar jabu a bakin ofishin lasin don ya rage 'yan kuɗi, ranar da tsautsayi ya faɗa zai tarar ba shi da kowa sai aljihunsa.

ABIN DA KE KASHE INJI

Yawancin injunan da ke mutuwa a ƙasar nan ba tsufa ne ke kashe su ba, sakaci ne. Baƙin mai shi ne jinin inji. A kan hanyoyi masu ƙura da zafi irin na Arewa, makanikai da yawa sukan ba da shawarar a juye shi bayan kilomita 5,000, tare da matatarsa, a kuma sayi irin wanda littafin motar ya ambata a wurin da aka amince da shi, domin jabu ya yi yawa. Lokacin hunturu matatar iska takan toshe da ƙura, motar ta rasa ƙarfi, ta ƙara shan mai.

Haka nan zuba ruwan rijiya a lagireto yana kawo tsatsa da toshewa. Ruwan da aka yi musamman domin wannan aiki shi ya dace. Akwai kuma al'adar cire ɗan ƙarfen nan da ke daidaita zafin inji, bisa zaton wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wannan kuskure ne. Injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba yakan ƙara shan mai, ya kuma yi saurin cinyewa.

TAYA DA RAI

Sakaci da inji dukiya yake ci, amma sakaci da taya da burki rai yake ci. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna ranar haihuwarta: in an ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi da su guji tayar da ta wuce shekara huɗu, ko da zanenta bai goge ba, gama roba tana bushewa, kuma kwalta mai zafi ba ta yi mata sassauci. Yawan iskar da ya dace kuwa yana rubuce a jikin ƙofar direba; ba a bar wa mai faci ya auna da dukan ƙarfe.

Daga ƙarshe, wanda ya ga albashinsa zai ɗauki mai, da gyara, da takardu, har ya ajiye wani abu domin ranar da giya ko kuloci zai ƙi, ba tare da ya taɓa kuɗin cefane da na makarantar yara ba, to, Allah ya sa alheri. Wanda kuwa lissafinsa bai fita ba, babu kunya in ya dakata. A kowace unguwar ma'aikata akwai motocin da aka ɗora a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinsu, masu su kuwa har yanzu ana yankar bashinsu a albashi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.