Awa 48: haƙƙin wanda 'yan sanda suka kama

Iyayenmu da 'yan uwa, haƙƙin da mutum bai san da shi ba, da wuya ya same shi. Tsarin mulkin Gana na 1992, sashe na 14, ya ce duk wanda aka kama a gaya masa dalili nan take, da yaren da yake ji, kuma yana da damar ɗaukar lauya. Cikin awa 48 a kai shi kotu ko a sake shi. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce Asabar, Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin. Ɗan ƙasa da baƙo duk ɗaya ne a nan.

Haka yake a takarda. A aikace kuwa, yaro yakan kwana huɗu a tsare, iyaye suna yawon neman kuɗin beli, alhali belin 'yan sanda kyauta ne.

In an kama ɗanku, ku rubuta ranar da lokacin. Dattawa biyu su je cikin ladabi su tambayi laifinsa. In awa 48 ta wuce, ku kai kuka ofishin CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Ba a biyan ko sisi.

Allah Ya tsare mana zuri'a.