Suma: gadon da ke miƙar da mutum tsaye don a gano abin da ke kayar da shi

Da bazara, musamman idan ta haɗu da azumi, ba a rasa mai yanke jiki ya faɗi a kasuwar Rogo ko a gonakin rani na bakin dam ɗin Challawa a Karaye. Nan take sai a sheƙa masa ruwa, wani ya ce iska ce, wani ya ce farfaɗiya. Galibi kuwa ba ko ɗaya. Idan mutum ya daɗe a tsaye, jini wajen rabin lita ko fiye kan taru a ƙafafu da ciki. A jikin wasu, maimakon zuciya ta ƙara sauri, sai ta rage, jijiyoyin jini su saki. Daƙiƙa 6 zuwa 8 kacal ƙwaƙwalwa za ta yi babu isasshen jini, mutum ya zube.

Matsalar likita ita ce abin ba ya faruwa a gabansa. Shi ya sa a 1986 likitocin asibitin Westminster da ke Landan suka fito da dabarar janyo suman da gangan. Ana ɗaure mutum a wani gado, a liƙa masa wayoyin awon zuciya da na'urar awon jini, sannan a karkata gadon digiri 60 zuwa 70, kamar an jingine tsani. Haka zai kasance na minti 20 zuwa 45. Idan shiru, a sa masa magani a ƙarƙashin harshe. Wasu zuciyarsu kan tsaya cik fiye da daƙiƙa 3. Da an kwantar da gadon sai ta ci gaba. Kaɗan daga cikinsu, yawanci manya, su ake sa wa batirin zuciya. Saura kuwa shan ruwa da kwanciya da zarar jiri ya fara sun wadatar.

Wannan gado aikin manyan asibitoci ne, amma a ganina ba shi ne ya fi gaggawa a karkara ba. Kowane ƙaramin asibiti zai iya auna jinin mutum a kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe cikin minti 3. Idan lambar sama ta sauka da 20, an kama bakin zaren; sau da yawa ma maganin hawan jinin da yake sha ne sanadi.

Wanda ya some yana tsaka da huɗa ko yana kwance, ko wanda aka taɓa yin mutuwar fuju'a a danginsa tun da ƙuruciya, shi kam kada a jira. A yi masa gwajin zuciya na ECG, in ta kama a tura shi sashen zuciya na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.