Zaman Aure A Gajerun Labaran Alifa Rifaat

Galibin marubuta idan za su nuna aure ya lalace, sai su kawo zage-zage da fashe-fashen kwanuka da takardar saki. Marubuciyar nan ta ƙasar Masar, Alifa Rifaat, wadda aka haifa a Alƙahira cikin 1930 ta kuma rasu cikin 1996, ba ta bi wannan hanya ba. A gidajen da take bayyanawa ba safai ake ɗaga murya ba, amma duk wanda ya karanta zai gane cewa zaman ya daɗe da mutuwa.

Sunanta na yanka Fatima. Mijinta, wanda jami'in 'yan sanda ne, ya hana ta buga rubutunta shekara da shekaru, alhali kuwa yawon aikinsa ne ya kai ta garuruwan karkara inda ta ga irin zaman da matan ƙauye ke yi. Cikin 1983 aka buga labaranta goma sha biyar da Denys Johnson-Davies ya juya daga Larabci zuwa Turanci, da sunan Distant View of a Minaret, wato hangen hasumiya daga nesa.

Labarin farko shi ne ya ba littafin suna. Wata mata ce mijinta bai damu da haƙƙinta na kwanciyar aure ba. Ta taɓa gwada yi masa magana, ya kunyata ta, daga nan ta ja bakinta. Ran nan da aka kira sallar la'asar ta yi wanka, ta yi salla, ta dafa gahawa ta kawo masa, sai ta tarar rai ya yi halinsa. Ta aiki ɗanta kiran likita, sa'an nan ta zauna ta zuba wa kanta gahawar, tana mamakin yadda hankalinta yake kwance. Marubuciyar ba ta zarge ta ba, ba ta kuma wanke ta ba. Abin lura shi ne matar nan mai ibada ce, kuma kukan Rifaat bai taɓa zama da addini ba. Kukanta da mazan da suke karɓar haƙƙinsu su tauye na matansu ne.

Amma labarin da ya fi cizo shi ne na Samia, 'yar wani akawu, wadda aka aurar ga Abboud Bey, babban jami'in ban-ruwa da ya girme ta nesa ba kusa ba. Bayan sun dawo daga kulob wata rana da dare, sai zobenta na zumurrudu ya ɓace. Maigidan ya ɗora wa yarinyar gida, Gazia, ya miƙa ta ga 'yan sanda, inda aka san duka za ta sha. Kashegari Samia ta tsinci zoben a bayan teburin kwalliyarta, ta roƙi mijin a je a sako yarinyar. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce in gari ya ji, za a ce matarsa ta sha giya har ba ta san inda ta yar da zobenta ba, kuma girmansa ya zube. Ya ce zai kai zoben Alƙahira a musanya shi da wani, yarinya kuwa in sun gaji za su sake ta.

A nan ne gwanintar ta fito. Babu wanda ya mari Samia. Mijin dai ya ɗan bubbuga mata kumatu kamar yadda ake lallashin yaro, ita kuwa ta ji shi tamkar mari, domin ta gane matsayinta a gidan bai wuce na kayan ado ba. Ga shi kuma ta saba da daular, ba ta iya rabuwa da ita. Da ya ce su tafi kulob cin abincin dare, sai ta yi murmushi ta amince, Gazia kuwa tana can hannun 'yan sanda.