Ziyarar yini ɗaya a birnin Kano

Ziyarar yini ɗaya a birnin Kano wani nau'i ne na yawon buɗe ido da baƙo ke zagaya wuraren tarihi na tsohon birni daga safiya zuwa almuru ba tare da ya kwana ba. Ɗaliban makarantu da masu nazari da baƙin da suka zo fatauci ko biki su ne suka fi yin ta. Yawancin wuraren suna kusa da juna a cikin badala, don haka nisa ba shi ne matsala ba. Abubuwan da ke tsara yinin su ne zafin rana, lokutan salla, cunkoson hanya da kuma lokacin da kowane abinci ke samuwa.

Rabon lokaci

Hausawa suna raba yini zuwa asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar da almuru ko magariba. Da yawa daga cikin waɗannan kalmomi aro ne daga Larabci, kuma harkokin birnin sun fi bin su fiye da agogo.

Da sassafe aka fi hawa Dutsen Dala, inda tarihin Kano ya nuna cewa Barbushe da mutanensa sun zauna. Hawan matakalarsa yana da wuya idan rana ta take, kuma da safe ne aka fi ganin shimfiɗar birnin sosai daga samansa.

Hantsi ya fi dacewa da Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. A lokacin ne marina ke tsoma tufafi a karofi, inda ake haɗa baba da toka, sannan su shanya su a rana. Wanda ya zo da yamma sau da yawa yakan tarar aikin ya yi sauƙi.

Idan rana ta fara zafi sai a koma wuraren da ke da inuwa. Gidan Makama, wanda aka gina a ƙarni na 15 kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne, yana da ɗakunan ƙasa masu kaurin bango da ke riƙe sanyi. Yana kusa da Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya gina, da kuma Babban Masallacin birni. Shiga cikin fada yana buƙatar izini, saboda gida ne da ake zaune a ciki.

Bayan la'asar kasuwar Kurmi ce ta fi jan baƙi. Ita ma an kafa ta a zamanin Rumfa, kuma a lungunanta ake sayar da kayan fata, kayan doki, hula, turare da kayan yaji. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, yana unguwar Nassarawa a wajen badala, don haka masu son ganinsa sukan ware masa lokacin tafiya a adaidaita sahu.

Abinci

Abincin titi a Kano yana da lokutansa. Koko da ƙosai, waina da kuma shayi da burodi na safe ne, kuma kafin walaha yawancin masu tuya sun tashi. Ɗan wake ana samunsa daga hantsi zuwa rana.

Da rana gidajen abinci suna sayar da shinkafa da miya, shinkafa da wake da mai da yaji, ko tuwon shinkafa da miyar taushe ko ta kuka. Fura da nono tana kashe ƙishi kuma tana riƙe ciki, sai dai an san ta da saukar da kasala, shi ya sa ake haɗa ta da hutun azahar maimakon a sha ta kafin doguwar tafiya a ƙasa. Masu son abincin kudancin Najeriya sukan nufi Sabon Gari.

Gurasa, wadda ake yi da garin alkama, tana cikin abincin da aka fi sanin Kano da shi, kuma unguwar Jakara ta yi suna wajen gasa ta. Sunan ya samo asali ne daga Larabci. Idan aka jiƙa ta aka barbaɗa ƙuli-ƙuli da mai da albasa ana kiranta bandashe. Tsire da balangu kuwa sai da yamma suke fitowa daga wuta. Kilishi, alkaki da nakiya ba sa saurin lalacewa, saboda haka su ake saye a ƙarshen yini domin tsaraba.

Ranaku da yanayi

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma yawo tsakanin sha biyu da ƙarfe uku na iya jawo jiri da ƙarancin ruwa a jiki, musamman ga yara. Lokacin hunturu ya fi sauƙin tafiya, amma hazo yakan rufe birnin ga mai kallo daga Dala. A damina kuma lungunan Kurmi sukan yi taɓo.

Ranar Juma'a hanyoyin da ke kewaye da fada da Babban Masallaci sukan cika tun kafin azahar. A Asabar ɗin ƙarshen wata akwai aikin tsaftar muhalli, inda ake taƙaita zirga-zirga da safe. A watan Azumi yawancin masu abinci a cikin birni ba sa buɗewa sai dab da shan ruwa.

Lokacin Sallah tsarin yakan canja gaba ɗaya, domin hawan Sallah, hawan Daushe da hawan Nassarawa su ke cinye yinin, kuma ana rufe hanyoyin da dawakai za su bi. A shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.