Korewa a shuɗaɗɗen lokaci cikin Ingilishi: mazaunin alamar lokaci

1. Gabatarwa

Ɗalibinmu yakan iso ga Ingilishi yana riƙe da tsarin korewa biyu: «ba … ba» na Hausa da «ne … pas» na Faransanci. Ingilishi kuwa kalma guda ce gare shi, wato «not», amma tana da sharaɗi. Rashin sanin sharaɗin yana ci wa ɗalibai maki a jarrabawa, kamar yadda misalan (1) suka nuna. Tauraro alama ce ta jimlar da nahawu bai karɓa ba.

(1) a. *He not came.
b. *He didn't came.
c. *She didn't be ill.

Za mu nuna cewa kurakuran nan uku tushensu ɗaya ne.

2. Ƙa'ida

«Not» ba ta tsayawa sai bayan mataimakin aikatau. Alamar lokaci kuma sau ɗaya take fitowa, a kan kalmar farko ta rukunin aikatau.

(2) a. He came. «Ya zo.»
b. He did not come. «Bai zo ba.»

A (2a) «came» yana ɗauke da ma'ana da lokaci gaba ɗaya. A (2b), tun da babu mataimaki, sai «did» ya shigo ya karɓi lokacin, aikatau ya koma siffarsa ta tushe. A nan «did» ba ya nufin «yi», ɗan dako ne kawai. Chomsky ya tsara wannan bayani a 1957. Saboda haka (1a) ta rasa mataimaki, (1b) kuma ta sa lokaci sau biyu. Idan akwai mataimaki tun farko, ba a bukatar «did»:

(3) a. They had not left. «Ba su riga sun tashi ba.»
b. She was not ill. «Ba ta yi ciwo ba.»

«Was» da «were» suna bin tsarin mataimaka ko da su kaɗai ne a jimla, shi ya sa (1c) ta faɗi.

3. Kwatanci da Hausa da Faransanci

A Hausa lamirin da ke gaban aikatau ne ke canzawa, aikatau yana nan yadda yake: «sun zo», «ba su zo ba». Ke nan mai jin Hausa ya riga ya san tsarin (2b). Inda yake tuntuɓe shi ne, «bai zo ba» tana tsaye ne a madadin jimloli biyu:

(4) a. He didn't come yesterday. «Bai zo ba jiya.»
b. He hasn't come yet. «Bai zo ba tukuna.»

Faransanci yana ƙara ruɗanin, domin «il n'est pas venu» ta yi kama da (4b) a siffa, alhali ma'anarta ta haɗa duka biyun. Daga nan ake samun *He hasn't come yesterday. Ingilishi ba ya haɗa «has not» da lokacin da ya rufe, irin su jiya ko bara.

4. «Never» da «nobody»

Waɗannan kalmomi suna korewa da kansu, ba sa kiran «did», don haka lokaci yana zama a kan aikatau: He never came, «bai taɓa zuwa ba». «Ban ga kowa ba» kuma hanya biyu gare ta: I saw nobody, ko I didn't see anybody. Ana jin I didn't see nobody a kare-karen Ingila da Amurka, amma Lowth ya soki irinta, kuma daidaitaccen harshe bai karɓe ta ba.

5. Asalin tsarin

Tsohon Ingilishi yana sa «ne» gaban aikatau. Daga baya aka sami «ne … not», tamkar Faransanci, sannan «ne» ta faɗi. Jespersen ya bayyana wannan zagaye a 1917. Ellegård kuma, a 1953, ya bi sawun yaɗuwar «do» a ƙarni na 16 da na 17.

6. Kammalawa

Muna ba da shawara malami ya fara daga «ba su zo ba» kafin ya kawo «did not». Ɗalibi kuma ya duba abu biyu a kowace jimlar korewa da ya rubuta: akwai mataimaki gaban «not»? Alamar lokaci sau nawa ta fito?