Ko Ka Sani? Daɓen Laminet Hoton Katako Ne

Daɓen laminet da kake gani yana sheƙi a falon masu hali, ka ɗauka icen maɗaci aka yanka aka jera, takarda ce mai hoton katako. Hawa huɗu ake yi wa kowane falle. Can ƙasa akwai shafin da ke hana shi lanƙwashewa. Tsakiyarsa garin katako ne da aka cuɗa da gam, inji ya matse shi har ya yi tauri. Sai takardar hoton, a samanta kuma wani shafi garai-garai mai jure takun ƙafa. Kaurinsa duka bai cika wuce milimita 6 zuwa 12 ba.

Kamfanin Perstorp na Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977, daga baya ya sa masa suna Pergo.  Da can da gam ake haɗa fallayen. A shekarun 1990 aka fito da mai baki yana shiga baki, ba ƙusa ba gam, kafinta ya gama ɗaki a yini guda.

To amma Alhaji, kafin ka cire ledar ɗaki ko tayil, ka san cewa ruwa ne ajalinsa. Da zarar ya ratsa mahaɗar fallayen ya tarar da garin katakon nan, sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Ba a kankare shi a sake fenti, sai dai a canja fallen. In a Lome kake, ga gari a bakin teku, ga damina biyu a shekara, ga unguwar Zongo kusa da kogin Zio mai yawan ambaliya. Ni dai ba zan sa shi a ɗakin ƙasa da ruwa ya taɓa shiga ba, balle kusa da inda ake ajiye buta. Bene ya fi dacewa da shi.

In ka saya, bar shi kwana biyu cikin ɗakin ya saba da iskar wurin. A shimfiɗa leda mai kauri kan siminti saboda danshi, a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 jikin bango don ya samu wurin motsi. Duba lambar juriya a kwali: AC3 ya wadatar da gida, gidan yawa kuwa ya nemi AC4. Shara da tsintsiya mai laushi, goge da tsumman da aka matse sosai, takalmi kuma a bar shi ƙofa, don yashin Lome yana kartar fuskarsa.