Yadda Rance Da Darasi Suka Rage Dukan Mata

Dukan mace a gidan aure ba matsalar ƙasa ɗaya ba ce. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowaɗanne mata 100 'yan shekara 15 zuwa 49 da suka taɓa zaman aure ko makamancinsa, 27 sun sha duka ko tilastawa a hannun abokin zamansu. To, wace dabara ce za ta hana abin tun bai faru ba?

An gwada wata a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu daga 2001 zuwa 2005. Masu bincike suka zaɓi ƙauyuka 8. Aka fara shirin a guda 4, sauran aka jinkirta musu domin a kwatanta.

Ga yadda aka yi. Mata marasa ƙarfi suka haɗu biyar-biyar, aka ba su ɗan rancen sana'a, kowace tana tsaya wa 'yar'uwarta wajen biya. Duk mako biyu sukan taru su biya bashi. A nan ne aka riƙa yi musu darasi, har zama 10, kan zamantakewar aure, haƙƙin mace da cutar ƙanjamau. Daga baya wasunsu suka shiga gari suna tattaunawa da maza, matasa da shugabanni.

Bayan shekara 2 aka tarar duka da tilastawa sun ragu da kashi 55 cikin 100 a tsakanin matan shirin, in an kwatanta da matan sauran ƙauyukan. An buga sakamakon a 2006.

Me ya jawo haka? Mace mai sana'a tana da ta cewa a gida, rigimar cefane kuma takan ragu. Sannan ba ta haɗiye baƙin cikinta ita kaɗai, tana da masu tsaya mata.

A Nijeriya, dokar tarayya ta 2015 ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko biyun a haɗe, ga wanda ya doki matarsa ko wadda ta doki mijinta. Dokar ta shafi Abuja, jihohi da dama kuma sun kafa irinta. Amma kotu sai an yi ɓarna take aiki, rigakafi kuwa ya fi magani.

Saboda haka ya kamata hukumomin da ke raba wa mata jari su haɗa da darasi. Azuzuwan yaƙi da jahilci da ƙungiyoyin adashi wurare ne da za a fara, kuma kada a bar magidanta a baya.